Tsakanin "Albarka" da "Na Sallama": Darasin da Na Koyo a Ɗanzomo

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2023 na sauka a garin Ɗanzomo, cikin Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar ta Jihar Jigawa, ɗauke da jaka ɗaya, da na'urar naɗar magana, da wani littafin rubutu mai baƙin bango wanda na tsara rayuwata a cikinsa shekara biyar kafin nan. Abin da ya kai ni shi ne nazarin harshen ciniki a karar dabbobi ta Maigatari, domin kundin digiri na uku. Wannan rubutu daga cikin wancan bincike ya fito, amma ba rahotonsa ba ne. Bayani ne a kan yadda wasu furuci biyu da na je nazarta a bakin dillalai suka juyo suka zama ma'aunin addu'ata, ni da nake Bahaushe Kirista, a daidai lokacin da shirin da na yi wa kaina ya wargaje. Na kawo shi gaban manazarta Hausa ne domin ina ganin akwai abin dubawa a cikin yadda harshenmu ya rarrabe hanyoyin da mutum ke bi wajen sakin abin da ya riƙe. Ni dai ban gane wannan rarrabewa ba sai da ta faɗo a kaina.

Tsarin Shekara Biyar

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Malumfashi ta Jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan na SIM, mahaifina kuwa ya shafe fiye da shekara talatin yana aikin mai bishara a ƙarƙashin ikilisiyar ECWA, yana zaga ƙauyuka a kan keke, daga baya a kan babur. Da Hausa na haddace Addu'ar Ubangiji, kuma da ita aka yi mini baftisma. Saboda haka tun ina yaro kunnena ya saba da zancen "nufin Allah" a gida da majami'a, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi suka saba da zancen ƙaddara da tawakkali. Sabo da kalma kuwa yakan sa mutum ya ɗauka ya san ta.

Da na kammala digiri na biyu a fannin harshe a shekarar 2018, ina da shekara 29, sai na zauna na ja jadawali. A 2019 zan yi rajistar digiri na uku. A 2020 zan tattara bayanai a Maigatari da kasuwannin ƙasar Damagaram da ke tsallaken iyaka, domin in kwatanta yadda ake ciniki a ɓangarorin biyu. A 2021 zan nemi gurbin 'yan watanni a wata cibiyar nazari a Turai, a 2022 in kare kundi, a 2023 kuma in kama aikin koyarwa a jami'a. A ƙasan shafin na rubuta "in Allah ya yarda", na ja masa layi biyu. Yanzu idan na duba shafin, nakan ga cewa na rubuta waɗannan kalmomi ne irin yadda ma'aikaci ke kai wa shugabansa takardar da ya riga ya gama, wadda sa hannu kawai ya rage mata.

Ba a je ko'ina ba jadawalin ya fara karkacewa. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. A cikin 2020 ɗin annobar korona ta tsayar da komai, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara. A 2022 aka sake wani, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai in ɗauko biro in soke shekara in matsar da ita gaba, in yi addu'a, in kira abin da na yi haƙuri. Ban taɓa tambayar kaina ko jadawalin kansa yana bisa hanya ba.

A Karar Maigatari

Wani abokin karatuna ne ya haɗa ni da kawunsa a Ɗanzomo, dattijo manomi wanda kuma yake dillancin shanu. Ya san ni Kirista ne tun kafin in zo, ya ba ni shago a ƙofar gidansa, kuma shi da kansa yake tuna mini idan Lahadi ta zo cewa in yi sammako kada in rasa motar Gumel, inda nake zuwa sujada. Ina kiransa Alhaji, shi kuma yana kirana Malam, duk da cewa ya haife ni.

Ran Alhamis ake cin kasuwar Maigatari, kuma tun asuba muke kama hanya. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya kwatanta girman karar: shanu farare da jajaye, raƙuma, dawakai, jakuna, tumaki da awaki, da yawansu an koro su ne daga Nijar, ga manyan motoci a jere suna jiran lodi zuwa Kudu, ga 'yan canji da damman naira da sefa. Aikina shi ne in tsaya kusa da Alhaji, in nemi izinin masu ciniki, in kunna na'ura.

Tsarin cinikin sananne ne ga kowane Bahaushe. Mai saye zai taya. Idan tayin bai yi ba, mai dabba ko dillalinsa zai ce "albarka". Sai a ƙara, a sake cewa "albarka", dillali yana kai gwauro yana kai mari tsakanin mutanen biyu, har a kai inda mai dabba zai ce "na sallama". Daga nan sai a miƙa igiya, a biya kuɗi, a fitar da la'ada, a yi wa juna fatan alheri. Abin da ya ja hankalina a matsayin ɗalibin harshe shi ne, a duk faifan da na naɗa da wuya ka ji an ce "a'a". Da kalmar alheri ake ƙin tayi. "Albarka" tana kare mutuncin mai saye, tana barin ƙofa a buɗe, amma ma'anarta a wannan muhalli ita ce: ban yarda ba, ƙaro. "Na sallama" kuwa tana cikin irin furucin da J. L. Austin ya yi bayani a littafinsa na 1962, wato furucin da faɗarsa ita ce aikata shi. Da zarar ta fita daga baki a gaban shaidu, mallaka ta tashi daga hannu zuwa hannu, ko da kuɗi bai riga ya shiga aljihu ba.

Wata Alhamis a watan Yuni wani tsoho ya kawo sa guda, wanda ya ce a gidansa aka haife shi. Daga yadda yake shafa masa tozo ka san ba da son ransa ya kawo shi ba. Sau shida ana tayawa yana cewa "albarka". A na bakwai ya yi shiru har na zaci na'urata ce ta tsaya, sannan ya ce, "Na sallama." Ya miƙa igiya, ya karɓi kuɗinsa, ya juya ya tafi bai ko waiwaya ba. A hanyarmu ta komawa na tambayi Alhaji dalilin rashin waiwayen. Ya ce, "Malam, wanda ya sallama ba ya waiwaye. In ya waiwaya sai ya ga san ya ƙara girma, ya ga kamar an cuce shi. Kuma ka lura, wanda ya ce ya sallama alhali igiya tana hannunsa, wannan bai sayar ba, surutu yake yi." Na rubuta maganar a matsayin bayanin mai ba da bayani, na sa mata lamba, na wuce.

Binne

Akwai wani abu kuma da na gani a Ɗanzomo tun makon da na sauka. Ƙasar Gumel rairayi ce, damina gajera ce, kuma ruwan farko ba shi da tabbas. Saboda haka manoma da yawa sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Alhaji yana gaba da sungumi yana sara, jikokinsa suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, rana tana dukan kowa, sama kuwa babu ko ɗigon gajimare. Amfanin binne shi ne, idan ruwa mai ƙarfi ya zo, shuka za ta tashi da shi ba tare da an yi asarar kwanaki ba. Haɗarinsa kuma shi ne yayyafi ya jiƙa iri ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone, a koma neman wani irin.

Na tambaye shi me ya sa ba zai jira ya ga ruwa a ƙasa ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, iri a rumbu ba ya tsira. In na binne, ko ya fito ko ya lalace. In na ajiye, na tabbata ba zai fito ba. Sara tawa ce, ruwa ba nawa ba ne." Na lura kuma bai zuba irinsa duka ba, ya rage wani a ƙwarya saboda maimai. Mutumin da ya fi kowa yawan cewa "sai abin da Allah ya yi" a cikin waɗanda na sani, shi ne kuma ya fi kowa tanadi da sammako.

Agusta 2023

A ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, kuma cikin 'yan kwanaki aka sake rufe iyaka. Rabin bincikena, wato ɓangaren Damagaram, ya tafi ke nan a karo na biyu. Ban damu sosai ba, domin a makon ne saƙon da na shekara uku ina jira ya iso: wata cibiyar nazarin harsunan Afirka a Jamus ta ba ni gurbin wata shida, daga Oktoba. Tallafin na waɗanda ba su kai shekara 35 ba ne, ni kuwa ina da 34. Na durƙusa a shagon Alhaji na yi godiya, na ce lallai jinkirin da aka yi ta yi alheri ne, ga shi Allah ya sa hannu a takardata.

Bayan mako biyu, ina tsakiyar kara, ƙanwata ta kira ni tana kuka. Baba ya faɗi a gona. Kafin in isa gida washegari an kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki na dama, kuma maganarsa ta ɗauke. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wa'azi ya dube ni, bakinsa yana motsi, sunana ya ƙi fita.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Ƙannena biyu suna gidajen mazajensu, ƙaramar tana makaranta. Mama ba za ta iya ɗaga shi ba, balle ta juya shi a gado ko ta kai shi bayi, ga gero ya fara fitar da kai a gona babu mai dubawa. Na rubuta wa cibiyar ina roƙon a ɗaga mini zuwa wata shekara, aka amsa da ladabi cewa tsarin tallafin bai ba da wannan dama ba. Mama ta ce, "Ka tafi abinka, Allah zai yi mana hanya." Ta faɗa ne tana kallon ƙasa. Dattawan ikilisiya suka rabu biyu: wasu suka ce ƙofar da Allah ya buɗe ba a ƙin shiga, wasu suka tuna mini da umarnin girmama iyaye. Kowane ɓangare da ayarsa.

Addu'ar Mai Ciniki

Kwana goma sha tara muka yi a asibiti. Da dare, idan Baba ya yi barci, nakan zauna a baranda in sa abin sauraro a kunne in ci gaba da juyar da faifan Maigatari zuwa rubutu, don kada aiki ya tsaya. Tsakanin faifai da faifai kuma ina addu'a. Addu'ar tawa ba ta wuce iri biyu ba. Wani lokaci in ce, "Ya Ubangiji, ka tashe shi kafin ƙarshen Satumba, ni kuwa in na dawo zan ba da kaina ga aikin fassara a ikilisiya." Wani lokaci kuma in ce, "Na gode maka domin na san ba za ka buɗe ƙofa ka rufe ba." Ina jin daɗin wannan ta biyun, domin tana kama da bangaskiya.

A dare na goma sha biyu na kai kan faifan tsohon nan mai sa. Ina rubutawa: tayi, albarka, tayi, albarka. Sai hannuna ya tsaya, domin na ji muryata a cikin tasa. Kwana goma sha biyu ke nan ana neman wani abu a hannuna, ni kuwa ina amsawa da kalmomin godiya da yabo waɗanda ma'anarsu ta ainihi ita ce: ban yarda ba, ƙaro. Ban taɓa ce wa Allah "a'a" ba, tarbiyyata ba za ta bar ni ba. "Albarka" nake ce masa, tun daga 2019.

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Baba da ke ƙarƙashin matashinsa, na buɗe wuraren da na sani tun ina makarantar Lahadi. A sura ta 4 ta Wasiƙar Yakubu, manzon yana magana ne da 'yan kasuwa, masu tsara garin da za su je da tsawon zaman da za su yi da ribar da za su ci, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Bai hana su fatauci ba. Abin da ya tsawata musu a kai shi ne fariyar ɗaukar gobe a matsayin kayansu. Sannan na koma addu'ar Yesu a lambun Getsamani, a Luka sura 22 da Matiyu sura 26. Abu biyu na gani da ban taɓa kula da su ba. Na farko, bai ɓoye abin da yake so ba: ya roƙa a fili a ɗauke masa wahalar da ke tafe, har sau uku bisa ga Matiyu, kafin ya ɗora nufin Uban a kan nasa. Na biyu, ya yi wannan ne tun ba a kama shi ba, lokacin da hanyar tserewa take buɗe.

Kalmomin Saki a Hausa

Wannan batu na biyu shi ya sa na sake duba kalmomin da muke amfani da su, waɗanda sau da yawa mukan jera su kamar ma'anarsu ɗaya. Haƙuri daurewa ce a ƙarƙashin abin da yake kanka, kuma yana yiwuwa a yi shi da zuciya a ƙulle, shi ya sa muke da "haƙurin dole". Dangana tana zuwa ne bayan abu ya riga ya kuɓuce. Ita ake roƙa wa wanda aka yi wa rasuwa ko gobara. Miƙa wuya da saduda kalmomin fagen fama ne, na wanda aka fi ƙarfi. Sallamawa ta ciniki ta bambanta da su duka ta fuska ɗaya: mai yin ta yana da ikon ƙi. Igiya tana hannunsa, babu wanda zai ƙwace, kuma da bakinsa zai furta.

Kalmar ta zo mana ne daga Larabci, daga saiwar da ta ba da "salama" da kuma "Musulunci" kansa, kuma Alhaji ya taɓa ba ni labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Don haka ba na da'awar cewa mu Kiristoci ne kaɗai muka san wannan saki. Abin da ya keɓanta gare ni shi ne wanda nake miƙa wa igiyar: ina kiransa Uba, ta wurin Almasihu wanda shi kansa ya bi ta wannan addu'a da gumi. Ita ma kalmar "nufi" da muke yawan amfani da ita a majami'a tana da abin lura. Mukan ce "ya nufi kasuwa", mu ce "me kake nufi?", mu ce "Allah ya nufa". Alkibla da ma'ana da niyya duk suna cikinta. Wanda ya ce a yi nufin Allah yana shaida cewa akwai inda aka dosa, ko da shi bai hango wurin ba.

Sai dai kwatancen kara yana da iyaka, kuma a iyakar ne na fi jin zafi. Mai sa yana jin farashi kafin ya sallama. Ni ba a faɗa mini abin da zan samu ba, ba a kuma yi alkawarin cewa Baba zai warke ko wani gurbin zai fito ba. Bugu da ƙari, Manzo Bulus ya koyar a Wasiƙa ta Fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 6, cewa mai bi ba mallakar kansa ba ne, an riga an biya tamaninsa. Idan haka ne, ashe matsayina bai kai na mai sa ba. Na fi kama da makiyayin da aka ba kiwo, ya daɗe da dabba har ya manta cewa amana ce.

A daren nan ban ji wata murya ba, ban kuma yi mafarki ba. Na dai faɗa wa Allah gaskiya a karon farko: ina son tafiyar nan fiye da yadda nake iya faɗa wa kowa, ina jin haushi, kuma ina tsoron in tsufa ina malamin sakandare. Bayan na gama, na ce na sallama. Da gari ya waye na auna abin da ke gabana da hankalin da aka ba ni, na ga wani zai iya cike gurbina a Jamus, amma babu mai cike shi a gefen gadon nan. Na rubuta wasiƙar janyewa. Ba na cewa duk wanda ya sami kansa a irin wannan hali dole ya zauna; wani sallamawarsa ita ce ya tafi yana kuka. Abin da aka nema a hannuna shi ne in daina gindaya sharaɗi, ko na tafi ko na zauna.

Waɗanda Ba Su Ga Ƙarshen Labari Ba

A watannin jinya na tuna da wani labari da Baba yake son bayarwa a kan bagade. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, wato yankinmu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuma ya koma gida da rashin lafiya a 1895. Sai a 1902 ƙungiyar da ta zama SIM ta sami wurin zama a Patigi. A 1900 kuma ayarin Bishop Tugwell na CMS, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, kuma yana cikin waɗanda aikinsu ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Baba yakan ba da labarin ne a matsayin nasara, domin ya san ƙarshensa: ya san an kafa ECWA a 1954, ya san bishara ta iso gidan ubansa. Ni kuwa a gefen gadonsa sai na riƙa tunanin Gowans a Girku, saurayin da bai kai shekarata ba, wanda ya mutu bai ga ko mutum ɗaya daga cikin abin da ya zo nema ba. Mu masu ba da shaida a majami'a mun saba jira sai labari ya yi daɗi sannan mu tashi mu faɗa, har matasa suka ɗauka cewa sallamawa wata dabara ce ta samun abin da ya fi. Na ga ya kamata a riƙa jin shaidar waɗanda suke tsakiyar labari, shi ya sa nake ba da tawa yanzu.

Baba bai warke sarai ba. Yana takawa da sanda, hannun dama bai dawo ba, kuma har yau haɗa jimla tana yi masa wuya. Amma akwai abin da masana ƙwaƙwalwa suka lura da shi tun zamanin Hughlings Jackson a ƙarni na 19: mai irin wannan ciwo yakan rasa ikon ƙirƙirar sabuwar magana, alhali maganganun da suka zauna a baki, irin su gaisuwa da ƙirga da addu'o'in hadda, suna nan. Haka ta faru da shi. Ba ya iya ce mini in miƙo masa ruwa, amma idan Mama ta fara Addu'ar Ubangiji da safe, sai ya karɓa ya kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe, har da wurin da ake roƙon a yi nufin Allah a duniya. Na san bayanin kimiyyar abin, kuma sanin bai hana ni hawaye ba ranar da na fara ji.

Kammalawa

A yau ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare kusa da gida. An taƙaita kundina ga Maigatari kaɗai, kuma ban kare shi ba tukuna. Na wuce shekarun wancan tallafi, wani gurbin bai zo ba. Idan na ga hoton wani abokin karatu a bakin wata jami'a ta Turai, nakan waiwaya, san kuma yakan ƙara girma a idona kamar yadda Alhaji ya faɗa. A nan ma na ga inda rayuwar bangaskiya ta saɓa da kara: a kara sau ɗaya ake sallamawa, ni kuwa nakan farka in tarar da igiyar ta dawo hannuna, sai na sake miƙawa. Ban daina tsara aiki ba, domin iri a rumbu ba ya tsira. Abin da ya sauya shi ne matsayin "in Allah ya yarda" a shafin, da kuma nauyinta a bakina.

Nijeriya ta buɗe iyakarta da Nijar a watan Maris na 2024, ni kuma na koma Ɗanzomo a watan Mayu domin in cike wasu giɓi a bayanaina. Na tarar da Alhaji a gona. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ya jikin tsoho?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Turai fa?" Na ce ta wuce. Ya jinjina kai ya ce, "Kana taka, Allah na tasa. Allah ya sa haka ta fi alheri." Na ce amin. Jikansa ɗaya bai zo ba ranar, saboda haka ya nuna mini ƙwaryar iri da haɓa, ya ɗaga sunguminsa ya ci gaba da sara. Na tuɓe takalmi na bi bayansa.